Abin Da Ya Sa Likita Ke Cewa Ka Yi Murmushi, Ka Ɗaga Hannu, Ka Taka

 

A wannan makon za mu duba wani ƙorafi da ake yawan ji a bakin mutanenmu, daga Agege da Idi-Araba a Legas zuwa unguwar Sabo a Ibadan, har Abuja da Fatakwal. Mutum zai kai mahaifinsa asibiti saboda hannu ya yi nauyi ko ƙafa tana ja. Ya yanki kati, ya bi layi tun safe, da aka shiga sai likita ya ce, "Baba, yi mini murmushi. Rufe ido. Ɗaga hannu biyu. Taso ka taka zuwa bakin ƙofa ka dawo." Ya ɗauko 'yar gudumar roba ya ƙwanƙwasa gwiwa, ya ja mukulli a tafin ƙafa. Sai a fito ana gunaguni, wai likitan nan bai yi komai ba, wasa kawai ya yi da tsoho, ko hoto bai rubuta ba.

To mai karatu, wannan abin da ka ɗauka wasa ne, shi ne ainihin binciken ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyi. Da shi likita ke gane inda cuta take, kuma shi ke nuna ko ana buƙatar hoto, da wurin da za a ɗauka. Idan ka san ma'anar kowane mataki, za ka taimaki likita ka taimaki majinyacinka, kuma akwai ɓangaren da kai ma za ka iya yi a gida cikin minti ɗaya, wanda kan ceci rai.

Yadda tsarin yake

A Hausa kalmar jijiya tana ɗaukar abubuwa da yawa. Akwai jijiyar jini. Akwai jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin ta agara. Akwai kuma jijiyar saƙo, wadda ke kai umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, ta koma mata da labarin zafi, sanyi, taɓi da ciwo. Wannan ta ukun muke nufi a yau.

Nauyin ƙwaƙwalwar babban mutum bai cika kilo 1 da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin saƙo kimanin biliyan 86. Daga ƙarƙashinta laka ta sauko ta cikin ƙashin baya. Jijiyoyi 12 a kowane gefe suna fita daga ƙwaƙwalwa zuwa ido, hanci, kunne, fuska, harshe da maƙogwaro. Wasu 31 a kowane gefe suna fita daga laka zuwa hannu, ƙirji, ciki da ƙafa. Hanyoyin kuma a gicciye suke: ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ke juya ɓarin jiki na dama, na dama ke juya na hagu. A yawancin mutane cibiyar magana tana hagu, shi ya sa wanda ɓarinsa na dama ya shanye ya fi samun matsalar magana.

Ka ɗauki misalin wutar lantarki. Idan fitilar ɗakinka ta ƙi kamawa, ƙila kwan ne ya ƙone, ƙila makunni ne, ƙila waya ce ta tsinke a silin, ƙila kuma taransifomar unguwa ce ta lalace. Mai gyaran wuta da ya san aikinsa ba ya fara da fasa bango. Sai ya tambaya: ɗaki ɗaya ne ko duk gidan? Maƙwabta suna da wuta? Haka likita yake yi. Tambaya biyu yake neman amsarsu, a ina matsalar take, kuma me ya jawo ta.

Labarin ciwon

Kafin ya taɓa majinyaci, likita zai nemi labari, kuma babu tambayar da ta kai wannan nauyi: yaya abin ya fara? Ciwon da ya faɗo farat ɗaya, mutum yana alwala buta ta suɓuce, ya fi nuna jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa. Wanda ya taso cikin kwana biyu ko uku tare da zazzaɓi ya fi nuna ƙwayar cuta. Wanda ke ƙaruwa a hankali cikin watanni yana sa a yi tunanin ƙari ko lalacewar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Wanda ke zuwa ya tafi kuma yana iya zama farfaɗiya ko ciwon ɓarin kai.

Saboda haka wanda ya ga abin da idonsa shi ya kamata ya raka majinyaci. Sau da yawa uwargida ce ta ga komai, amma sai a bar ta a gida, a tafi da ɗan'uwan da labari kawai ya ji. Idan faɗuwa ce da jijjiga, mai ciwon ba ya tuna komai. Likita zai so ya ji ta ina jijjigar ta fara, ina idanu suka juya, minti nawa ta ɗauka, ko an ciji harshe, ko fitsari ya zuba, ko an yi barci mai nauyi bayan nan. Idan akwai mutum biyu a wurin, ɗaya ya kula da majinyaci, ɗaya ya ɗauki bidiyo da waya. Gani ya kori ji.

Sannan ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A zo da duk magungunan da ake sha a leda, har na gargajiya. A faɗi gaskiya idan an daina shan maganin hawan jini, ko ana shan tiramol, kodin ko giya, ko an faɗi a babur makonni da suka wuce. A jikin tsofaffi jini kan taru a hankali a cikin ƙoƙon kai bayan 'yar buguwar da kowa ya manta da ita.

Hankali da magana

"Hajiya, yau wace rana ce? Ina muke yanzu? Wane ne wannan da ya kawo ki?" Waɗannan tambayoyin ba raini ba ne. Likita na iya faɗin abubuwa uku, kamar goro, tabarma da akuya, ya ce a riƙe, bayan minti kaɗan ya sake tambaya. Yana iya nuna agogo ya ce mene ne sunan wannan. A nan 'yan rakiya kan ɓata aiki saboda tausayi, su riƙa amsawa ko raɗa wa majinyaci amsa. Don Allah a yi shiru. Kuskuren da ya yi shi ake nema.

Matsalar magana iri biyu ce. Akwai wanda ya san abin da zai faɗa amma harshe ya yi nauyi, magana na fita kamar da tuwo a baki. Akwai kuma wanda kalmomin ne suka ɓace masa, ya ga buta ya ce takalmi, ko ya yi ta zuba maganar da ba ta da kan gado. Wannan na biyun ne ake yawan cewa ya taɓu ko aljanu sun shige shi, alhali cibiyar magana ce jini ya yanke mata.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman, mu da ke zaune a garuruwan da likita ba lallai ya ji Hausa ba. Idan kai ne tafinta, kada ka gyara maganar Baba. Likitan da ba ya jin Hausa ba zai gane cewa kalmomin sun harɗe ba, sai ka gaya masa. Ka ce masa, "Likita, Hausarsa ba daidai take fita ba, yana kiran abu da sunan wani." Wannan bayanin kaɗai na iya sauya duk inda bincike ya dosa.

Idan majinyaci ba ya cikin hayyacinsa, akwai ma'aunin da likitoci biyu, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fitar a birnin Gilasgo na Birtaniya a 1974. Ana duba buɗe ido, magana da motsi, a ba da maki daga 3 zuwa 15. Mai cikakken hankali yana da 15, wanda ya sauka zuwa 8 ko ƙasa yana cikin haɗari babba. Shi ya sa za ka ga nas tana tashin majinyaci cikin dare tana kiran sunansa. Ba hana shi barci take yi ba, tana duba ko makin yana sauka.

Idanu da fuska

Idan aka haska tocila a ido ɗaya, ɗan baƙin da ke tsakiyar idanun biyu ya kamata ya tsuke. Idan mutum ya bugu a ka, sai ɗaya ya buɗe ya ƙi tsukewa, alama ce jini na danne ƙwaƙwalwa, kuma aikin tiyata ne na gaggawa. "Bi yatsana da ido, kada ka juya kai" gwaji ne na jijiyoyi uku da ke juya ido. Idan kana ganin abu bibbiyu, ka faɗa. Likita zai kuma kaɗa yatsa ta gefe, domin akwai wanda rabin ganinsa ya tafi bai sani ba, sai dai ya riƙa karo da ƙofa ta gefe ɗaya. Da wata 'yar na'ura mai haske kuma yana leƙa cikin ido ya ga kan jijiyar gani. Idan ta kumbura, matsi ya yi yawa a cikin kai. A nan kuma ake ganin ɓarnar hawan jini da ciwon suga.

Sai fuska: ɗaga gira, runtse ido, nuna haƙora, kumbura kumatu. Karkacewar baki iri biyu ce. Idan jijiyar fuska ce kaɗai ta kumbura, rabin fuskar gaba ɗaya ke mutuwa, goshi ba ya tattarewa, ido ba ya rufuwa. Wannan yawanci yana warkewa, kuma maganinsa ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana 3. Idan kuwa daga ƙwaƙwalwa ne, baki ke karkacewa amma goshi na motsi. Wannan bambancin aikin likita ne, kada a yanke hukunci a gida. Daga nan zai ce a fito da harshe, a ce "aaa", wani lokaci a kurɓi ruwa kaɗan a gabansa, domin wanda haɗiyarsa ta lalace abinci kan bi ta hanyar iska ya sauka a huhu.

Ƙarfin hannu da ƙafa

"Matse yatsuna. Ture ni. Ja ni. Kada ka bari in danne." Likita yana auna ƙarfi daga 0 zuwa 5. Sifili babu motsi ko kaɗan, 3 gaɓa na iya ɗaguwa amma da an danna ta faɗi, 5 cikakken ƙarfi. Kullum yana kwatanta dama da hagu. Kada ka ji nauyin likita ka rage ƙarfi, kada kuma ka ɓoye rauni don jarumta. Lambar da aka rubuta yau ita za a duba gobe a san ko ana samun sauƙi.

Akwai gwajin da ke tona raunin da bai fito fili ba. Za a ce ka miƙa hannu biyu, tafi yana kallon sama kamar mai addu'a, ka rufe ido. Hannun da ke da matsala zai fara juyawa yana sauka a hankali ba tare da ka sani ba. Likita zai kuma lanƙwasa maka hannu da ƙafa kana sake, ya ji ko sun sage ko sun yi laƙwas.

Gudumar roba da mukulli

Idan aka ƙwanƙwasa jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, saƙo na zuwa laka ya dawo nan take, ƙafa ta harba ba tare da an jira ƙwaƙwalwa ba. Likitocin Jamus biyu, Erb da Westphal, suka bayyana wannan a 1875. Aikin ƙwaƙwalwa a nan shi ne ta riƙe linzami. Idan harbin ya yi yawa, linzamin ya saki, wato matsalar tana sama, a ƙwaƙwalwa ko laka. Idan babu harbin sam, an fi zargin jijiyar da ke tsakanin laka da tsoka. Ka ga da bugu ɗaya an raba hanya biyu. Abin da ake so gare ka shi ne ka saki jiki.

Mukullin da ake ja a tafin ƙafa kuma, a jikin babban mutum mai lafiya yatsu ƙasa suke lanƙwashewa. Idan babban yatsa ya ɗaga sama, sauran suka baje, hanyar da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta samu matsala. Wani likita a birnin Faris na Faransa, Joseph Babinski, shi ya bayyana alamar a 1896, har yau kuma da sunansa ake kiranta. A jikin jarirai ɗagawar ba cuta ba ce, domin hanyar ba ta gama nuna ba.

Ji a fata

Da auduga, da ɗan tsinke, da wani ƙarfe mai baki biyu da ke rawa idan an buga shi, likita zai bi fata yana tambaya, "Ka ji? Daidai yake da ɗaya gefen?" Zai kama babban yatsan ƙafa ya ɗaga ko ya sauke kana rufe da ido, ya ce ka faɗi inda ya yi. Idan ba ka ji ba ka ce ba ka ji ba, kada ka yi canke.

Wurin da jin ya ɗauke shi ke ba da labari. Idan ƙafa biyu ne daga yatsu zuwa sama, kamar an sa safa, da zafi kamar barkono ko tafiyar kiyashi cikin dare, an fi zargin ciwon suga, ko ƙarancin sinadarin B12, ko giya, ko wasu magunguna. Mai ciwon suga ya nemi a duba masa ƙafa aƙalla sau ɗaya a shekara, domin wanda ba ya jin ƙusa ta shige shi, gyambo ne ke biyo baya. Idan babban yatsan hannu da biyun da ke kusa da shi ke mutuwa cikin dare, jijiya ce ta matsu a wuyan hannu, abin da ke yawan samun masu ciki da masu aikin hannu. Idan jin ya yanke daga cibiya zuwa ƙasa, a laka matsalar take, kuma a ƙasarmu tarin fuka na ƙashin baya yana cikin abubuwan da ake nema. Tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi yana sa a yi gwajin kuturta, wadda ke warkewa da magani.

Irin wannan bin diddigi da hannu da ido ne ya sa Farfesa Benjamin Osuntokun na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, a shekarun 1960, ya danganta wani ciwon mutuwar ƙafa da tangaɗi da raunin gani da yawan cin rogon da ba a jiƙa aka sarrafa da kyau ba. A lokacin ba a fara amfani da hoton CT ko MRI a kowane asibiti a duniya ba.

Tafiya da tsayuwa

Taɓa hancinka sannan ka taɓa yatsan likita, ko jan diddige a kan ƙwauri, gwaji ne na ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke ƙeya, wadda ke daidaita motsi. Tsayuwa da ƙafa a haɗe a rufe ido kuma na nuna ko ƙafa na sanar da ƙwaƙwalwa inda take. Tafiya kuwa jiki magayi. Mai shanyewar ɓarin jiki yana jan ƙafa yana zagayo da ita. Mai cutar Fakinsin yana taku ƙanana a sunkuye, hannu na rawa idan yana hutawa. Wanda ke ɗaga gwiwa sama don kada yatsu su ja ƙasa, jijiyar ɗaga ƙafa ce ta mutu, kuma a yara sau da yawa allura ce aka yi a ɗuwawu ba a wurin da ya dace ba. Wannan dalili ne babba na guje wa allurar kan titi.

Saboda duk wannan, a je asibiti da tufafi masu sauƙin naɗewa. Uwargida ta sa dogon wando a ƙarƙashin zani, kuma haƙƙinta ne ta nemi nas mace ko 'yar'uwarta ta tsaya a ɗakin.

Wuya da sanƙarau

Mai zazzaɓi da ciwon kai, likita zai kwantar da shi ya ɗaga kansa zuwa ƙirji. Idan wuya ya ƙi lanƙwasuwa, ana zargin sanƙarau. Manyanmu ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Arewa, ta kashe fiye da 11,000. Masu zuwa gida lokacin zafi su riƙe wannan. A jarirai wuya ba lallai ya sage ba, sai dai maɗiga ta kumbura, yaro ya ƙi nono, ya yi ta kuka ko barci.

A nan ake neman ɗibar ruwan baya, mutane kuma su ƙi, wai yana gurgunta mutum. A jikin babba laka tana ƙarewa ne a saman ƙugu, allurar kuma ƙasa da nan ake sa ta. Ruwan ne ke nuna irin ƙwayar cutar da maganin da ya dace. Abin da ke kurmantar da yaro ko ya nakasa shi shi ne sanƙarau ɗin da aka yi jinkirin magani.

Yara

Yaro ba ya bin umarni, don haka likita kallonsa yake yi yana wasa, ya auna girman kai, ya tambayi uwa. Yawancin yara suna riƙe wuya a wata 3 zuwa 4, su zauna tsakanin wata 6 da 9, su taka kafin wata 18. Idan an wuce haka, ko yaro ya daina abin da ya riga ya iya, a kai shi. A faɗa wa likita idan haihuwar ta yi tsawo, ko bai yi kuka da wuri ba, ko ya yi shawara a makon farko.

Yaro mai sikila yana iya samun shanyewar ɓarin jiki tun yana ƙarami. Akwai gwajin gudun jini a ƙwaƙwalwa da ake yi musu daga shekara 2 zuwa 16, iyaye su tambaya a asibitin da suke zuwa. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba kuma, ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, a kai rahoto asibiti don a gwada bayan-gidansa. An tabbatar da kawar da ainihin ƙwayar shan-inna ta daji daga Afirka a 2020, amma sa ido bai ƙare ba.

To hoto fa?

Hoton CT da na MRI suna da amfani ƙwarai, amma binciken hannu ke yi musu jagora. Mai mutuwar ƙafa na iya kashe kuɗi mai yawa a hoton kai, alhali matsalar a wuya ko baya take. Yawancin masu farfaɗiya da masu ciwon ɓarin kai hotonsu lafiya lau yake fitowa. A awannin farko na toshewar jijiyar jini ma hoton CT na iya fitowa babu komai, ga mutum kuma a shanye. Haka nan hoton baya kan nuna 'yan sauye-sauye a jikin mutanen da ba abin da ke damunsu. Idan likita ya ce ba a buƙatar hoto, ka tambaye shi dalili da alamun da za su sa ka dawo. Idan ya ce a yi yanzu-yanzu, kada a tsaya shawara.

Gwajin minti ɗaya a gida

Ƙungiyar yaƙi da shanyewar ɓarin jiki ta duniya ta ce mutum 1 cikin 4 na waɗanda suka haura shekara 25 zai gamu da wannan ciwo a rayuwarsa. Babban binciken da aka yi a Najeriya da Gana, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan yake cikin jagororinsa, ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen jawo shi. Don haka kowane gida ya san abubuwa huɗu.

Fuska: ka ce ya yi murmushi. Gefe ɗaya ya zube?

Hannu: ka ce ya ɗaga biyun. Ɗaya yana sauka?

Magana: ka ce ya faɗi sunansa da na unguwarsu. Ta yi nauyi ko ta harɗe?

Lokaci: ka duba agogo, ka riƙe lokacin ƙarshe da aka gan shi lafiya.

Ko ɗaya daga cikin ukun farko ka gani, a tafi babban asibiti nan take, wanda ke da na'urar hoton kai idan da hali. Akwai allurar narkar da gudan jini da ake yi cikin awa 4 da rabi. Ba kowane asibiti ke da ita ba, amma ko babu ita, zuwa da wuri na ba da damar gyara suga, kula da hawan jini da kare huhu. Kada a ba shi ruwa, abinci ko rubutu ya sha, domin yana iya shaƙewa. Kada a ba shi asfirin kafin hoto, domin idan jijiya ce ta fashe zai ƙara zubar jinin. Kada a tsaya kiran wanzami ko shafa mai. Addu'a kuwa ba ta hana tafiya, a yi ta a cikin mota. Ko da alamun sun wuce cikin minti 10, a je a ranar, domin gargaɗi ne, babban na iya biyowa cikin kwanaki.

Haka nan a garzaya asibiti idan an samu ciwon kai mai tsanani da ya faɗo farat ɗaya irin wanda ba a taɓa ji ba, ko jijjigar da ta wuce minti 5, ko amai da yawan barci bayan buguwa a ka ko da mutum ya tashi ya yi magana da farko, ko ciwon baya tare da riƙewar fitsari da mutuwar fata a tsakanin cinyoyi. Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa cokali a baki. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 7 cikin 10 na masu ita za su iya daina faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace.

A wannan makon ka zaunar da iyalinka, har yara masu wayo da 'yan aiki, ka koya musu fuska, hannu, magana da lokaci, domin ba ka san wanda zai kasance a gida ranar da za a buƙata ba. Ka kuma auna jininka, ka auna na iyayenka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara mana lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.